HOTO YANA DA MAI SHI: Yadda Ɗalibi Zai Nemi Hotuna a Intanet Domin Aikin Aji

An shirya wannan darasi ne domin 'yan makaranta, da malamansu, da kuma iyaye waɗanda ake aron wayoyinsu da dare saboda aikin da malami ya bayar. Abin da ya ƙunsa shi ne yadda ake neman hoto a intanet, da yadda ake sauke shi, da yadda ake raba shi tsakanin ɗalibai, ba tare da an ci haƙƙin wani ba, ba kuma tare da an yaudari mai kallo ba.

Waɗanda suka yi makaranta a da sun san wahalar da ake sha kafin a sami hoto guda. Sai yaro ya bi gida-gida yana roƙon tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian, ko kuwa ya jira ƙarshen shekara a sauke kalanda daga bango, sa'an nan ya sa reza ya yanko abin da yake so, ya liƙa a kwali da ƙaro. Wahala ce, amma tana tattare da wata fa'ida wadda ba a lura da ita ba a lokacin. Yaron ya san inda hotonsa ya fito, domin sunan jarida da kwanan wata suna nan a saman shafi, bayanin hoton kuma yana ƙarƙashinsa. Yau kuwa, da zarar ka latsa waya sai hotuna dubu su zubo maka kafin ƙiftawar ido, amma yawancinsu ba suna, ba kwanan wata, ba labari. Aikin ɗalibin wannan zamani shi ne ya mayar wa hoto da waɗannan abubuwa da suka ɓace masa a hanya.

NEMAN HOTO

Mu ɗauka malamin tarihi ya raba aji rukuni-rukuni, ya ce rukuninku ya shirya bayani a kan dalar gyada ta Kano, a haɗa da hotuna biyar. To, kafin ka taɓa waya, ɗauki takarda ka rubuta abin da kake so kowane hoto ya nuna. Alal misali, ɗaya ya nuna dalar kanta, ɗaya ya nuna leburori suna hawa da buhuna, ɗaya ya nuna jirgin ƙasan da yake kwasar gyadar zuwa Ikko, tun da yake isowar layin dogo Kano a 1911 ita ce ta buɗe wannan kasuwa. Wanda ya shiga intanet bai san abin da yake nema ba, zai ɓata sa'a biyu da kuɗin data, ya fito da hotunan 'yan ƙwallo.

Na'urar bincike, irin su Google da Bing, ba ta san abin da ke zuciyarka ba. Kalmomin da ka rubuta kawai take bi. In ka rubuta mata "dala", tana iya kawo maka Dutsen Dala, ko takardar kuɗin Amurka, ko kuwa dalar Fir'aunan Masar, kuma ba ta yi laifi ba, domin dukkansu dala ne. Saboda haka ƙara mata bayani: sunan abin, da garin, da shekarar da kake tsammani. A lura kuma, yawancin tsofaffin hotunan ƙasarmu Turawa ne da ma'aikatan gwamnati suka ɗauka, suka rubuta bayaninsu da Ingilishi. Don haka in ka nema da Hausa ba ka samu ba, juya kalmomin zuwa Ingilishi. In abin ya shafi Nijar ko Chadi ko Kamaru, gwada da Faransanci.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, wanda ya kamata a gyara shi tun daga nan. Sau da yawa za ka ga ɗalibi ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa, "Daga Google". Google ba ta ɗauki hoton ba, ba kuma nata ba ne. Sashenta na neman hotuna, wanda aka buɗe a 2001, ɗan jagora ne kawai, mai nuna maka ƙofar gida. Wanda aka nuna wa ƙofa kuwa sai ya yi sallama da maigida. Watau ka latsa hoton, ka bi shi zuwa shafin da ya fito, ka karanta abin da aka rubuta a kansa. A nan ne za ka ga wanda ya ɗauka, da lokacin, da sharaɗin da ya gindaya.

WANE NE MAI SHI?

Mutane da yawa suna ɗaukar abin da ke intanet tamkar tsintuwa a bakin hanya. Ko da tsintuwa ce, ai kowa ya san ana cigiyar mai ita. Balle ma hoton da ke intanet bai ɓace wa mai shi ba. Ya shimfiɗa shi ne a kalla, kamar yadda mai tireda yake shimfiɗa kayansa, kuma ganin kaya a fili bai halatta ɗauka ba.

Mai ɗaukar hoto ma'aikaci ne kamar masaƙi ko maƙeri. Ya sayi kyamara, ya biya kuɗin mota, wani lokaci ya kwana a daji ko ya shiga haɗari kafin ya sami hoto guda. Doka ta amince da wannan wahala. A ƙasar nan akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce take lura da aiki da ita. Bugu da ƙari, tun 1993 Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe suke kare ayyukan mutanen juna. Ma'anar wannan ita ce, hoton mutumin Ghana ko Faransa yana da kariya a nan, hoton ɗan Nijeriya kuma yana da kariya a can.

Abu biyu ne ya kamata ka riƙe game da wannan doka. Na farko, haƙƙin mallaka yana samuwa ne da zarar an ɗauki hoto. Ba sai an yi rajista ba, ba kuma sai an buga masa alamar © ba. Rashin ganin alama ba izini ba ne. Na biyu, haƙƙin ba ya dawwama. A dokarmu, kariyar hoto tana ƙarewa ne shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Ke nan hoton dalar gyada da aka buga a Nijeriya a 1960 ya fita daga kariya tun ƙarshen 2010, ya zama gadon kowa. Amma zanen hannu, kamar na mai zane da fenti, kariyarsa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wasu ƙasashe kuma, kamar Ingila, suna ba hoton kyamara ma irin wannan dogon wa'adi. Saboda haka tsufan hoto kaɗai bai isa hujja ba, sai an duba abin da masu ajiyarsa suka rubuta.

Kada wannan bayani ya tsorata ɗalibi. Dokar ba ta zo domin hana karatu ba. Ta yarda a yi amfani da aikin wani bisa adalci domin karatun kai, da binciken da ba na neman kuɗi ba, da sharhi. Wajen auna adalcin, ana duba dalilin da ya sa aka ɗauka, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da ko hakan zai kashe wa mai shi kasuwa. Yaron da ya liƙa hoto biyar a kwali ya nuna wa aji, ya kuma rubuta sunayen masu su, bai cuci kowa ba. Inda gizo yake saƙa shi ne lokacin da aikin ya fita daga aji: aka sa shi a mujallar makaranta wadda ake sayarwa, ko a kalandar ƙarshen shekara, ko aka ɗora shi a Facebook duniya ta gani. A nan magana ta sauya, domin an tashi daga karatu an shiga wallafawa. Da yake kuwa aikin aji a yau da wuya ya tsaya cikin aji, hanya mafi aminci ita ce tun farko a nemi hotunan da masu su suka riga suka ba da izini.

RUMBUNAN DA AKA BUƊE WA KOWA

A shekarar 2001 aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna Creative Commons, a ƙarshen 2002 kuma ta fitar da wasu takardun izini waɗanda mai hoto zai liƙa wa aikinsa, domin kowa ya san abin da aka yarda masa ba sai ya rubuta wasiƙa ba. Ana gane su da haruffan CC, sa'an nan wasu haruffa biyu-biyu su biyo baya. Inda ka ga BY, ana nufin ka yi amfani da hoton amma lalle ka ambaci mai shi. NC na nufin kada a nemi kuɗi da shi. ND na nufin kada ka sauya masa kama ka rarraba. SA kuwa na nufin in ka sarrafa shi ka fitar da sabon abu, to, kai ma ka ba jama'a irin iznin da aka ba ka. Akan haɗa su, kamar CC BY-SA ko CC BY-NC. Inda aka rubuta CC0, mai hoton ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya. Haruffa ne 'yan kaɗan, ɗalibi zai haddace su cikin minti biyar, su yi masa amfani har jami'a.

Ɗaya daga cikin manyan rumbunan irin waɗannan hotuna shi ne Wikimedia Commons, ɗan'uwan Wikipedia, wanda aka buɗe a 2004, yanzu kuma ya ƙunshi hotuna da sauti da bidiyo sama da miliyan 100. Abin da ya fifita shi ga ɗalibi shi ne kowane hoto yana da shafinsa, inda aka rubuta sunan mai shi, da kwanan wata, da irin izninsa. Tun 2014 ake gudanar da gasar Wiki Loves Africa, wadda ta sa masu ɗaukar hoto na Afirka, har da 'yan Nijeriya, suka zuba hotunan abinci da sutura da sana'o'i da bukukuwa na ƙasashensu. Akwai kuma Openverse, mai neman hotuna masu izini daga wurare da yawa, da Unsplash da Pexels da Pixabay waɗanda suke da nasu sharuɗɗan masu sauƙi. A Google ma, cikin kayan aikin da ke ƙarƙashin gurbin bincike, akwai wurin da za ka zaɓi a nuna maka hotuna masu iznin Creative Commons kaɗai. Sai dai na'ura tana kuskure, don haka duk da ka tace, bi hoton zuwa gidansa ka tabbatar.

Ɗaliban labarin ƙasa suna da wata garaɓasa. A dokar Amurka, abin da ma'aikatan gwamnatin tarayyarta suka yi a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka, saboda haka yawancin hotunan hukumar binciken sararin samaniya ta NASA na kowa ne. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972. Wanda aka ba aiki a kan Tafkin Chadi zai iya jera hotunansa na shekaru daban-daban, aji ya ga da idonsa yadda ruwan da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980. Hotuna uku irin waɗannan sun fi shafi goma na bayani.

Kada kuma a manta da kyamarar da ke cikin wayar kanta. In aikin ya shafi kasuwar garinku, ko marina, ko maƙera, ko zaizayar ƙasa a bayan makaranta, babu dalilin ɗauko hoton wata ƙasa. Je ka ɗauki naka. Kai ne mai shi, ka san wurin, ka san ranar, kuma malami mai basira zai fi daraja shi, ko da ya ɗan karkace.

GANI YA KORI JI?

Haka Hausawa suka ce, kuma sun yi gaskiya a lokacin da gani yake nufin mutum ya je da ƙafarsa. Hoto a waya ba gani ba ne. Ji ne wanda ya sa rigar gani. Hoton yana iya zama na gaske, amma bayanin da aka rataya masa ya zama ƙarya, kuma wannan ita ce yaudarar da ta fi yawa.

Ƙasarmu ta ɗanɗana wannan. Bayan da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a watan Afrilu na 2014, wasu hotunan 'yan mata sun zagaya duniya a matsayin su ne waɗanda aka sace. Ashe wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Ami Vitale, ita ce ta ɗauke su shekaru kafin nan a ƙasar Gini Bisau, kuma 'yan matan da ke ciki ba su da wata alaƙa da Chibok. Waɗanda suka yaɗa hotunan da kyakkyawar niyya suka yi, amma sun ɗauki aikin mutum ba da izninsa ba, sun kuma liƙa wa 'ya'yan wasu labarin da ba nasu ba. Akwai wanda ya fi wannan muni. A watan Yuli na 2010 wata tankar mai ta yi bindiga a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mutane fiye da 200 suka ƙone. Shekara da shekaru ana yawo da hoton gawarwakinsu ana cewa wai kisan addini ne a Nijeriya. Irin wannan ƙarya tana iya tada gari. Yaron da ya koyi tantance hoto saboda aikin aji, ya koyi abin da wata rana zai hana shi zama sanadin zubar da jini.

To, yaya ake tantancewa? Hanya ta farko ita ce binciken baya, watau maimakon ka ba na'ura kalma ta kawo maka hoto, sai ka ba ta hoto ta nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa. TinEye, wanda aka buɗe a 2008, da Google Lens, dukansu suna wannan aiki kyauta. In aka ce maka hoton ambaliyar bana ne, amma ka tarar da shi a wata jarida ta shekara takwas da suka wuce, magana ta ƙare.

Hanya ta biyu ita ce ka sa ido, ka yi aiki da tarihin da aka koya maka. Dalar gyada ta Kano ta fara ɓacewa ne bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyada a 1975. Saboda haka in ka ga hoton dalar buhuna mai launi tar, ga wani a gefe riƙe da wayar hannu, ka san ba ita ba ce, domin wayar salula irin ta yau sai a 2001 ta fara aiki a ƙasar nan. Mai yiwuwa dalar shinkafa ce wadda aka jera a Abuja a watan Janairu na 2022. Haka nan, in motoci suna bin hannun hagu a titin Kano ko Ikko, hoton ya girmi watan Afrilu na 1972, lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. In farashin da ke allon kanti fam da sule ne, an ɗauke shi kafin naira da kwabo su shigo a ranar 1 ga Janairu 1973. Dubi lambar mota, da rubutun allo, da irin tufafi, da irin itatuwa. Hoto yana magana ga mai haƙurin kallo.

Sabuwar matsala kuma ita ce hotunan da na'ura take ƙagawa da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ba a taɓa ɗaukarsu da kyamara ba. A watan Maris na 2023 wani hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya ruɗi miliyoyin mutane, alhali manhajar Midjourney ce ta zana shi. A farko akan gane irinsu ta yatsun hannu da suka wuce biyar ko rubutun da ba ya karantuwa, amma na'urorin suna ta ƙwarewa, waɗannan alamu kuma suna raguwa. Abin dogaro shi ne asali. Hoton da ba a san wanda ya ɗauka ba, ba a san inda aka fara buga shi ba, ba shi da gurbi a aikin tarihi ko na kimiyya, komai kyansa. In kuwa kai ne ka sa na'ura ta zana maka, rubuta haka a ƙarƙashinsa a fili.

SAUKEWA

Ƙananan hotunan da na'urar bincike take jerawa samfuri ne kawai. Wanda ya sauke su zai ga sun yi kyau a fuskar waya, amma ranar da ya kai shagon kwamfuta aka buga masa a takarda, sai fuskoki su dagule kamar an zuba musu ruwa. Dalili kuwa shi ne, kowane hoto an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi da ake kira fiksel. Bugu mai kyau yana bukatar ɗigo wajen 300 a kowane inci. Hoton da faɗinsa fiksel 300 ne, girman kan sarki kawai zai yi kyau. In kana son ya kai inci 6 a takarda, nemi mai faɗin fiksel 1,800 ko kusa da haka. Domin nunawa a allon majigi ko kwamfuta, wanda ya haura 1,000 ya wadatar. Kada kuma ka ɗauki hoton fuskar wayarka a madadin saukewa, domin yana rage kyau, yana kuma kwaso tarkacen da ke gefe.

Babban hoto yana cin data. Guda yakan kai megabait 2 zuwa 5, ke nan hoto ashirin suna iya cinye megabait 60 ko fiye. Zaɓi tukuna, sa'an nan ka sauke. Sunan fayil ɗin hoto yakan ƙare da jpg ko png ko webp. In ka latsa domin sauke hoto, aka ba ka abin da ya ƙare da apk ko exe, wannan ba hoto ba ne, manhaja ce, tana kuma iya zama ta ɓarayi masu satar bayanan banki daga wayar mahaifinka. Kada ka buɗe. Haka nan duk shafin da ya ce sai ka sa lambar waya ko lambar katin banki kafin ya ba ka hoto "kyauta", fita daga cikinsa. Hoton da aka rubuta sunan kamfani a kansa ratsi-ratsi kuwa na sayarwa ne. Goge wannan rubutu daidai yake da kankare shaidar da ke jikin saniyar wani.

A daidai lokacin da kake saukewa, buɗe littafinka ka rubuta abu huɗu: sunan hoton, sunan mai shi, shafin da ka samo shi, da irin izninsa. Kada ka ce sai gobe. Gobe hoton ya shige cikin ɗaruruwan da ke wayar, ba za ka ƙara tuna inda ya fito ba. Sauya masa suna kuma zuwa abin da za ka gane, ka tara na aikin duka a jaka guda. Waɗannan abubuwa huɗu su ne za ka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin hoton ranar da ka liƙa shi. Ga misali da wani sanannen hoto wanda nahiyarmu ta fito sarai a cikinsa:

Duniya daga sararin samaniya. Ma'aikatan kumbon Apollo 17 suka ɗauka, 7 ga Disamba 1972. Daga NASA. Ba shi da haƙƙin mallaka.

Ko da hoton na kowa ne, a rubuta. Ambaton mai aiki ladabi ne kafin ya zama doka, kuma yana ba malami damar bin sawu ya tabbatar. In ka yanke wani gefe na hoton ko ka yi rubutu a kansa, ƙara da cewa an gyara shi.

RABAWA

Yawancin rukunin ɗalibai ta WhatsApp suke tura wa juna hotuna. A sani cewa wannan manhaja tana matse hoto domin ya yi saurin tafiya, saboda haka wanda ya isa hannun mai bugawa bai kai na asali kyau ba. In ana son ya isa yadda yake, a tura shi a matsayin fayil, ko a sa shi a jakar da rukuni yake tarayya a kanta kamar Google Drive, ko a haɗa wayoyi biyu kusa da juna a tura ba tare da data ba. Duk hanyar da aka bi, bayanan nan huɗu su tafi tare da hoton cikin saƙo guda. A nan ne yawancin hotuna suke rabuwa da sunayen masu su.

Sauran magana ta shafi hotunan da kuka ɗauka da kanku. Kai ne mai hoton, amma fuskar da ke ciki ta mai ita ce. Kafin ka ɗaga waya a kan mai sana'a ko dattijo, yi sallama, ka gaya masa ko kai wane ne, da makarantarku, da abin da za a yi da hoton. In ya ce a'a, yi godiya ka wuce. A gidajen da mata suke cikin kulle, ko wurin ibada, ko asibiti, kada a ɗauki hoto sai da iznin masu wurin, barikin soja da ofishin 'yan sanda kuwa a nisance su. Sau da yawa ma ba a bukatar fuska. Hannun majemi a kan fata ya fi fuskarsa nuna sana'ar.

Game da yara, abin ya wuce ladabi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta nemi hukumomi da kamfanoni, har da makarantu, su sami yardar iyaye ko mai riƙo kafin su yi aiki da bayanan yaro, hoton da za a gane shi a ciki kuwa yana daga cikin bayanansa. Saboda haka makarantar da take son ɗora hotunan ɗalibanta a shafinta, ta fara tambayar iyaye. Kai kuma ɗalibi, kada ka ɗora hoton ɗan ajinku ko 'yar ajinku inda baƙi za su gani ba da saninsu ba, balle ka haɗa da cikakken suna da sunan makaranta da unguwa. Wayoyi da yawa suna ɓoye bayanin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, wanda ya iya dubawa kuma zai gane ƙofar gidanku. Ana kashe wannan a saitin kyamara. Hoton da ya fita ya fita. Kana iya goge naka, amma ba ka da iko da wanda wasu suka riga suka sauke. In kuwa wani ya turo maka hoton tsiraici ko na wulaƙanta wani ɗalibi, kada ka tura gaba, ka sanar da malami ko iyaye nan take. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani a kan mallaka ko yaɗa hotunan batsa na yara.

GA MALAMAI DA IYAYE

Yaro yana kula ne da abin da ake ba maki a kansa. In malami ya ware ko da maki biyu cikin goma domin bayanin da ke ƙarƙashin hoto, kafin zango ya ƙare kalmar "Daga Google" za ta ɓace daga ajinsa. Yana da kyau kuma ya zaɓi hoto ɗaya daga aikin kowane rukuni, ya tambaye su a gaban aji yadda suka san cewa abin da suka ce shi ne a ciki. A tuna cewa ba kowane gida ne yake da babbar waya ko kuɗin data da na bugawa ba, musamman a karkara. Kada a fifita mai hoto mai launi a kan wanda ya zana taswirarsa da fensir, kuma wajen raba rukuni a tabbatar kowanne yana da mai waya.

Iyaye kuma, in za ku ba yaro waya domin aikin makaranta, ku kunna matatar da ke cikin na'urar bincike, wadda Google take kira SafeSearch, domin kalma marar laifi tana iya jawo hoton da bai dace ba. Ya fi kyau a yi binciken a tsakar gida ko a zaure, inda babba yake kusa. In kuma wata rana saƙo ya zo daga mai hoto yana neman a cire aikinsa daga shafin makaranta, a cire shi ba tare da gardama ba, a ba shi haƙuri a rubuce, sa'an nan a nemi madadinsa a ɗaya daga cikin rumbunan da aka ambata a baya.